Waɗanda Suka Ƙi Yin Ƙarya Su Aka Rataye

Tsakanin watan Yuni da Satumba na shekarar 1692, wata kotu a garin Salem, cikin ƙasar da yau ake kira Amurka, ta rataye mutum 19 bisa zargin maita: mata 14, maza 5. An danne wani tsoho da duwatsu har rai ya yi halinsa. Aƙalla mutum 5 kuma a kurkuku suka cika. Abin ɗaure kai shi ne yadda aka raba masu mutuwa da masu tsira. Duk wanda ya amsa cewa shi maye ne, ya kira sunayen wasu, ya kuma tsaya a kan maganarsa, ba a kashe shi ba. Mutum sama da 50 ta wannan hanya suka tsira da wuyansu. Waɗanda suka dage cewa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su aka kai wa igiya.

Wannan labari ne marubucin Amurka Arthur Miller ya mayar wasan kwaikwayo mai suna The Crucible, wanda aka fara nunawa a New York a Janairun 1953, kuma har yau ana karanta shi a makarantu da jami'o'in duniya. Mutanen da ke cikin wasan ba ƙirƙirarsu ya yi ba. Manoma ne da matan aure da malaman coci da suka rayu, kuma takardun shari'arsu suna nan a ajiye. Miller ya sauya wasu abubuwa don wasa ya yi armashi. Ga yadda ta kaya da su a zahiri.

Inda wutar ta tashi

Akwai Salem gari, akwai Salem ƙauye, kuma a ƙauyen abin ya fara. Mutanensa ba su wuce 600 ba, ba su kai taron da ke cika kasuwar 'Yankara ranar cinta ba. Turawan Ingila ne, Kiristoci 'yan ɗariƙar Puritan masu tsananin riƙon addini, ƙasar kuma tana ƙarƙashin sarautar Ingila. Zaman ɗar-ɗar ake yi. Arewa da su, a yankin Maine, yaƙi ake gwabzawa da 'yan asalin ƙasar waɗanda Faransawa ke mara wa baya: a faɗa wa ƙauye, a ƙone gidaje, a kashe na kashewa, a kora sauran daji. A Janairun 1692 haka aka yi wa garin York. 'Yan gudun hijira da marayu sun watsu cikin gidajen mutane suna aikatau. A cikin ƙauyen kuma tsohuwar gaba ce tsakanin manyan gidaje, kan iyakar gona da kan limamin cocinsu, Samuel Parris, wanda wani ɓangare ya ƙi biyan albashinsa, har itacen wutar da aka yi alkawarin kawo masa aka daina kawowa.

A gidan wannan limami, cikin tsananin sanyin farkon shekarar, 'yarsa Betty mai shekara 9 da 'yar ɗan'uwansa Abigail Williams mai shekara 11 suka fara wani irin ciwo. Su faɗi suna ihu, jiki ya sandare, su shige ƙarƙashin kujera, su ce ana mintsininsu, ana soka musu allura. Likita ya duba ya rasa gane kansa, sai ya ce wannan da hannu a ciki. Wata maƙwabciya ta ba da shawara aka kwaɓa gari da fitsarin yaran, aka gasa, aka ba kare ya ci, wai don a gano mai hannun. Ba a jima ba yaran suka fara kiran suna, wasu 'yan mata na maƙwabta su ma suka kamu.

Sunaye ukun farko na marasa gata ne: Tituba, baiwar gidan limamin, Sarah Good, matalauciya mai bin gidaje tana roƙo, da Sarah Osborne, mai jinya wadda ta daɗe ba ta leƙa coci ba. Ranar 1 ga Maris aka gurfanar da su gaban alƙalai John Hathorne da Jonathan Corwin. Sarah biyun suka musa. Tituba ta amsa. Ta ce wani dogon mutum ya zo mata da littafi, ta ga baƙin kare da tsuntsu ruwan ɗorawa, kuma a littafin akwai sa hannun mutum 9. Wannan lissafi shi ya ruɗa gari: uku suna hannu, ina sauran? Daga baya Tituba ta ce ubangidanta ne ya yi mata dukan da ya sa ta faɗi abin da ta faɗa.

Hujjar da kotu ta dogara da ita ita ce maganar yaran, cewa kurwar wance ta zo musu tana shaƙe su. Ba mai ganin kurwar sai su. In wadda ake tuhuma ta ciji leɓe a gaban alƙali, sai yaran su kwarma ihu an cije su. In ta karkata kai, sai wuyansu ya karkace. Wani lokaci a sa ta taɓa yarinyar da ta faɗi. In yarinya ta farfaɗo, to ta tabbata ita ce, ta janye abinta. Ko mutum ya kawo shaidu goma cewa yana gida a daren, ba ta fisshe shi ba, tunda an ce gangar jiki na iya kwana a gida kurwa tana can tana ɓarna. A ƙarshen watan Mayu sabon gwamna, William Phips, ya kafa kotu ta musamman ƙarƙashin William Stoughton, ranar 10 ga Yuni kuma aka rataye ta farko, Bridget Bishop.

Waɗanda aka kashe

Sarah Osborne ba ta kai ga shari'a ba, ta rasu a kurkuku cikin watan Mayu. Sarah Good da ciki aka kama ta. A kurkuku ta haihu, a nan jaririyar ta koma. An kama 'yarta Dorothy mai shekara 4, aka ce ita ma mayya ce, aka sa mata mari, ta yi wajen wata 8 a tsare. Ranar 19 ga Yuli aka rataye uwar, tana kan tsani wani malamin coci yana matsa mata ta amsa laifi, ita kuma tana ƙaryata shi a bainar jama'a. Bayan shekara 18, uban Dorothy ya rubuta wa hukuma cewa tun daga wannan ɗauri yarinyar ba ta ƙara zama daidai ba.

A rana ɗaya da Sarah Good aka rataye Rebecca Nurse, kuma kamunta ne ya nuna cewa mutunci ba ya kare kowa. Tsohuwa ce mai shekara 71, mai 'ya'ya da jikoki, wadda kowa ya shaida da ibada. Tana kwance ba lafiya aka zo mata da labarin an kira sunanta. Danginta sun daɗe suna rigimar iyakar ƙasa da gidan Putnam, kuma daga gidan Putnam mafi yawan ƙarar ta fito. Maƙwabta 39 suka sa hannu a takarda cewa ba su taɓa ganin wani abin zargi a tare da ita ba. Mutum 12 da aka zaɓo daga cikin jama'a su yanke hukunci suka fito suka ce ba ta da laifi. Nan take yaran suka ɓarke da kururuwa, Stoughton ya ce a koma a sake nazari kan wata kalma da ta furta. Aka tambaye ta abin da take nufi. Tsohuwa kunnenta ya yi nauyi, ga hayaniya, ba ta ji tambayar ba, ta yi shiru. Shirun nan aka ɗauka amsa laifi. Aka ɗauko ta zuwa coci aka kore ta daga jama'ar masu ibada, sannan aka rataye ta. Ƙanwarta Mary Easty ta bi ta a watan Satumba, bayan ta rubuta wa alƙalai takarda wadda a ciki ba ranta ta roƙa ba, roƙonta shi ne a binciki masu amsa laifin ɗaya bayan ɗaya, kada a ƙara zubar da jinin wanda bai ji ba bai gani ba.

John Proctor shi ne gwarzon wasan Miller. A wasan, magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya taɓa neman Abigail, 'yar aikin gidansa mai shekara 17, ita kuma ta ƙulla wa matarsa Elizabeth sharri don ta gaje ɗakinta. Wannan soyayya Miller ne ya saƙa ta. Proctor na gaskiya dattijo ne mai kusan shekara 60, manomi mai gidan saukar baƙi, Abigail kuwa yarinya ce 'yar 11. Laifinsa bakinsa ne. 'Yar aikinsa Mary Warren tana cikin masu faɗuwa, shi kuma ya faɗa a fili cewa da ya tsare ta a kan aikin kaɗi ya yi mata barazanar duka, ciwon ya ɗauke, kuma in aka biye wa yaran nan kowa sai ya zama maye. Aka kama matarsa. Ya je kotu a watan Afrilu don ya tsaya mata, a nan cikin zauren yaran suka nuna shi. Mary Warren ta so ta janye, har ta ce 'yan'uwanta ƙirƙira kawai suke yi, sai suka juya kanta suka ce ita ma mayya ce. Da ta ga uwar bari, ta amsa laifi, ta koma cikinsu, ta ba da shaida a kan ubangidanta da uwargijiyarta. Ta tsira da ranta.

Daga kurkuku Proctor ya rubuta wa manyan malaman coci na Boston wasiƙa a watan Yuli. Ya ce an yanke musu hukunci tun kafin a saurare su, ya kuma bayyana yadda ake samo amsa laifin: an ɗaure ɗansa William wuya da dugadugai har jini ya ɓalle masa ta hanci. Wasiƙar ba ta cece shi ba. Babban dogarin kotu, George Corwin, ya je gidansa ya kwashe dukiya, ya sayar da shanu, ya yanka wasu, har romon da ke cikin tukunya ya zubar ya tafi da tukunyar, ya bar yara ba abin sawa a baka. A wasan, Proctor ya sa hannu a takardar amsa laifi sannan ya yage ta don kada ya ɓata sunansa. Na gaskiyar bai taɓa amsawa ba. An rataye shi ranar 19 ga Agusta tare da mutum 4, cikinsu har da George Burroughs, wanda ya taɓa zama limamin cocin ƙauyen. Burroughs ya karanta addu'ar da aka ce maye ba ya iya kai ta ƙarshe, ya karanta ta tsaf ba tuntuɓe, jama'a suka fara gunaguni. Wani babban malami, Cotton Mather, yana bisa doki ya ce Shaiɗan yakan yi shigar mutanen kirki. Aka ci gaba da rataya.

Elizabeth Proctor ciki ne ya cece ta. An yanke mata hukunci tare da mijinta, aka ce a jira ta haihu. Ta haifi namiji a kurkuku a Janairun 1693, aka sa masa sunan ubansa, kafin nan kuwa guguwar ta lafa. Da aka sake ta sai ta tarar da wata sabuwa: a idon doka ita matacciya ce, tunda hukuncin kisa na kanta, don haka ba ta da bakin neman ko sisi daga dukiyar gidan. Sai da ta kai kuka ga majalisa a 1696. Ta sake aure a 1699.

Giles Corey ya kai shekara 80, kuma ba waliyyi ba ne. Shekaru kafin nan an ci shi tara saboda dukan da ya yi wa wani baransa har ya mutu. Da aka kama matarsa Martha, wadda ta fito fili ta ce ba ta yarda da yaran ba, shi da kansa ya ba da shaidar da ta ƙara jefa ta cikin zargi. Sai abin ya zagayo kansa. Ya lura duk wanda ya tsaya gaban wannan kotu bai fita ba, sai ya rubuta gonarsa ga surukansa biyu, ya ce bai yi ba, ya kuma ƙi furta kalmar da ke ba kotu izinin yi masa shari'a. Dokar Ingila ta wancan zamani ta ce mai irin wannan taurin kai a danne shi har ya yi magana. Aka kwantar da shi a fili, aka ɗora masa katako a ƙirji, ana jibga duwatsu. Kwana biyu ana abu ɗaya. Ana ba da labarin cewa iyakar abin da ya ce shi ne a ƙara nauyi. Ya cika ranar 19 ga Satumba. Bayan kwana 3 aka rataye Martha tare da mutum 7. A cikinsu akwai Samuel Wardwell, wanda da farko ya amsa laifi ya samu sauƙi, daga baya zuciyarsa ta ƙi, ya ce ƙarya ya yi wa kansa. Komawarsa ga gaskiya ita ta kai shi ga igiya.

Yadda ta mutu

Ba tausayin talakawa ne ya tsayar da abin ba. Zargi ne ya fara hawa sama, yana taɓa attajirai da matan manya, har aka fara raɗe-raɗin sunan matar gwamna. A watan Oktoba babban malamin Boston, Increase Mather, mahaifin Cotton, ya fitar da rubutu cewa Shaiɗan na iya ɗaukar siffar mutumin kirki, don haka ganin kurwa ba hujja ba ne, kuma gara mayu goma su kuɓuta da a kashe mutum ɗaya marar laifi. A lura da kyau: wannan malami bai daina yarda akwai maita ba. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauki ihu a matsayin shaida. Ranar 29 ga Oktoba gwamna ya rushe kotun. Sabuwar kotun da aka kafa ta daina dogaro da shaidar kurwa, nan da nan kusan kowa ya fara fita ba laifi. Zuwa Mayun 1693 an sallami sauran, amma sai mutum ya biya kuɗin zamansa na kurkuku. Wata tsohuwa, Lydia Dustin, kotu ta wanke ta, ta rasa kuɗin biya, ta mutu a ciki. Tituba ta haura shekara a tsare saboda ubangidanta ya ƙi fansarta, har wani ya biya kuɗin ya tafi da ita. Daga nan sunanta ya ɓace daga takardu.

Masu nuna yatsa da masu yanke hukunci

Ko mutum ɗaya daga cikin masu zargin ba a gurfanar ba. A wasan, Abigail ta sace kuɗin limamin ta gudu, Miller kuma ya kawo jita-jitar cewa a Boston ta ƙare tana zaman kanta. Abin da takardu suka nuna kawai shi ne ta ba da shaidarta ta ƙarshe a Yunin 1692, daga nan ba a ƙara rubuta komai a kanta ba. Betty, wadda aka ɗauke daga ƙauyen tun da wuri ciwonta ya warke, ta yi aure ta hayayyafa, ta rasu a 1760. Ubanta Parris ya ɗan amsa kuskure a 1694, amma iyalan Rebecca Nurse ba su bar shi ya sha ruwa ba sai da ya bar ƙauyen a 1697. Ya rasu a 1720.

Thomas Putnam, wanda da hannunsa aka rubuta da yawa daga cikin takardun ƙara, ya mutu a 1699, matarsa ta bi shi bayan kamar mako biyu. Suka bar 'yarsu Ann, wadda Miller ya kira Ruth, da riƙon ƙannenta. Tana da shekara 12 lokacin shari'ar, kuma ta kira sunan mutum sama da 60. A 1706 ta miƙe tsaye a coci, limami yana karanta takardar tubanta a gaban dangin waɗanda aka kashe. Ta ce ruɗin Shaiɗan ne, ta yarda mutanen ba su da laifi, ta nemi gafara, musamman ta iyalan Rebecca Nurse. Ita kaɗai ce cikin 'yan matan ta yi haka. Ba ta yi aure ba har ta rasu.

Malam John Hale, wanda a wasan ya zo da littattafansa don farautar mayu ya koma yana nadama, a zahiri ma ya juya, amma sai bayan da aka kira sunan matarsa a Nuwamban 1692. Ya rubuta littafi yana amsa cewa tsoro da duhun kai sun sa sun ɓata hanya. Ya rasu a 1700, littafin ya fito a 1702.

Cikin alƙalan kotun, Samuel Sewall ne kaɗai ya tuba a bainar jama'a. A Janairun 1697, ranar da aka keɓe don azumi da neman gafara a duk ƙasar, ya miƙe a cocinsa a Boston aka karanta takardarsa yana ɗaukar laifi da kunyar abin a kansa. A 1700 ya rubuta ɗaya daga cikin rubuce-rubucen farko na sukar bauta a wannan ƙasa. Mutum 12 daga cikin masu yanke hukunci su ma sun sa hannu a takardar neman afuwa. Danforth, wanda Miller ya mayar babban mugun alƙali, a gaskiya ba ya cikin kotun da ta yi ratayar. Halayen alƙalai da dama aka tara aka ɗora masa. Mai wannan hali na ainihi shi ne Stoughton. A farkon 1693 ya sa hannu a kashe wasu mutum 8, gwamna ya hana, ya tashi daga kujerar shari'a a fusace. Bai taɓa neman gafara ba. Ya riƙe mulkin ƙasar bayan Phips, ya mutu da girmansa a 1701, har yau akwai gari mai sunansa. Hathorne ma bai tuba ba, ya rasu a 1717.

A 1711 hukuma ta soke hukuncin da yawa daga cikinsu, ta raba diyyar fam 578, iyalan Proctor suka samu 150. Waɗanda ba su da dangin da za su bi musu kadi aka manta da su. Sai a 1957 aka wanke wata, a 2001 aka ƙara mata 5. Ta ƙarshe, Elizabeth Johnson ƙarama, wadda aka yanke wa hukuncin kisa a 1693 amma ba a zartar ba, sai a 2022 aka wanke ta, bayan 'yan wata makarantar sakandare a North Andover sun binciko labarinta sun kai wa majalisar jiha. Shekara 329 ke nan.

Abin da ya shafe mu

Miller ba don tarihi kawai ya rubuta wasan ba. A zamaninsa Amurka na farautar 'yan gurguzu, Sanata Joseph McCarthy na kaɗa gangar, kuma hanyar tsira ita ce ta Salem: ka amsa, ka kira sunan abokanka. A 1956 wani kwamitin majalisa ya kira Miller kansa ya nemi sunaye, ya ƙi bayarwa. Aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958.

Mu ma ba baƙin wannan labari ba ne. Yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, ya fara sambatu, ya kira sunan wata tsohuwa a unguwa, galibi gwauruwa marar ɗa namiji a kusa. Kafin a ce kwabo gida ya cika. "Ki sakar masa kurwa!" A tilasta mata ta tsallaka shi, wani lokaci a tsiraice, gaban yaran da ta haifi iyayensu. In ya tashi, an ce ta sake shi. In ya mutu, an ce ta cinye. Ta kowace fuska ba ta da mafita, kuma tunda ana cewa a nono ake sha, 'ya'yanta mata da jikokinta sun shiga uku wajen samun miji. Alhali zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da sanƙarau, da taifot, duk suna sa sambatu, kuma sa'o'in da aka ɓata ana tsallake su ne ake buƙata a kai yaro asibiti.

Doka ta daɗe da yin magana. A 1954, shekara ɗaya bayan fitowar wasan Miller, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta saurari shari'ar Muhammadu Gadam, wanda matarsa ta yi ɓari ta kwanta ciwon ajali, shi kuma ya kashe wata tsohuwa da fartanya don ya yi imani ita ta kama ta. Kotu ta yarda har zuciyarsa haka ya ɗauka, ta yarda haka mutanen yankinsa suka ɗauka, amma ta tabbatar masa da hukuncin kisan kai. Dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta sa jifan mutum da maita cikin laifuffukan da ke jawo ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Shari'ar Musulunci kuwa ta ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja, ta hana aiki da zato, ta umarci a bincika labari kafin a afka wa mutane, kuma ba ta karɓar iƙirarin da aka samo da bulala.

A 'Yankara da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda hare-haren 'yan bindiga suka hana mutane barci da noma, akwai wata kalmar da yau ta fi "maye" saurin kisa, ita ce "infoma". Ba mai musun cewa akwai masu kai wa ɓarayin daji rahoto, kuma sun jawo asarar rayuka. Wannan ne ma ya sa zargin yake da kaifi, ya kuma sa mai tsohuwar gaba kan gona ko bashi ko mace yake samun sauƙin fakewa da shi. Mutanen Salem ma tsoronsu na gaske ne, an ƙone musu ƙauyuka, sun binne 'yan'uwa. Tsoron bai hana su kashe Rebecca Nurse a banza ba. Wanda aka ɗaure ana duka zai kira suna, ko na wa ya zo bakinsa, wanda aka kira shi ma zai kira wani.

Saboda haka, mai karatu, ranar da aka kira sunan wani a gabanka, maye ne ko infoma, yi tambaya uku kafin ka ɗaga murya: wa ya gani da idonsa, me ke tsakaninsa da wanda yake zargi, kuma wace hanya aka bar wa mutumin nan ya kare kansa? Mai ciwo a kai shi asibiti, wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Salem ta nemi gafara, ta biya diyya, ta gina wurin tunawa a 1992, amma cikin mutum 20 ɗin da ta kashe ba wanda ya dawo.